Tsuntsayen da Ba a Saba Gani ba a Gonakin Arewa: Tambayoyi da Amsoshi

Kallon tsuntsaye, wato fita da gangan domin gano irin tsuntsayen da ke wani wuri da rubuta su, ya fara samun mabiya a jami'o'i da garuruwan Arewacin Najeriya da Kudancin Nijar. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda sababbin shiga suka fi yi game da neman tsuntsayen da ba kasafai ake gani ba a gonaki da fadamu, tare da waɗanda manoma kan yi idan suka ga baƙo tsaye a bakin gona yana leƙen bishiya.

Wane tsuntsu ake kira wanda ba kasafai ake gani ba?

Masu wannan harka suna haɗa iri uku a ƙarƙashin wannan suna, kuma ya kamata a rarrabe su. Akwai tsuntsun da duk duniya ba ya zama sai a wani ɗan yanki, kamar wasu ƙananan tsuntsaye biyu na tsaunukan Jos, waɗanda za a iya gani cikin sauƙi idan an je inda suke, amma ba za a same su a Katsina ko Damagaram ba. Akwai baƙon da ya kauce wa hanyarsa ta hijira, ko iska ta kaɗo shi, ya sauka inda ba a taɓa rubuta irinsa ba. Sai kuma wanda a da ya cika gari, yanzu ya zama abin nema.

Sabon shiga ya fi ɗokin iri na biyu, domin shi ne ke sa a yi ta kiran waya ana taya murna. Amma a ƙasar Hausa iri na uku ya fi nauyi. Jerin tsuntsayen da aka tabbatar a Najeriya ya haura nau'i 900, kuma daga cikin waɗanda suka fi wahalar gani a yau har da ungulu da gauraka da tuje da burtu, tsuntsayen da kakanninmu ba su ɗauke su abin ba da labari ba.

Me ya sa za a nemi irin waɗannan tsuntsaye a gona, alhali akwai gandun daji?

Domin yawancin ƙasar Arewa gona ce. Yankari da Falgore da Baturiya da Dagona wurare ne masu daraja, amma idan aka haɗa faɗinsu duka bai kai komai ba a kan faɗin ƙasar da ake nomawa tsakanin Sakkwato da Tafkin Chadi. Tsuntsun da ya tsallako Sahara a watan Satumba ba ya tambayar inda iyakar gandu take. Inda ya ga itace mai ganye da ƙwari, ko kududdufi, nan zai sauka.

Ban da haka, wasu nau'o'in sun fi son fili a kan kurmi. Gonar gero da aka girbe aka bar kara, saurar da aka huta da ita shekara biyu, shingen aduwa, bakin rafin da ake noman rani, da gonar shinkafa da ruwa ya kwanta a cikinta, kowanne yana da nasa tsuntsayen. Dalili na ƙarshe shi ne ƙarancin masu dubawa. Gandun daji ya sha ziyarar masu bincike, amma akwai ƙauyuka da yawa a Jigawa da Yobe da Zamfara da ba a taɓa zama an rubuta tsuntsayensu ba, saboda haka wanda ya yi haƙurin duba gonar garinsu yana iya kawo bayanin da babu shi a ko'ina.

Waɗanne tsuntsaye ne na tsaunukan Jos da ake yawan ambata?

Na farko ɗan'uwan baiwar Allah ne, wannan ƙaramin jan tsuntsun da ke shigowa tsakar gida yana tsintar tsaba. Shi wannan na duwatsu ne, sunansa na kimiyya Lagonosticta sanguinodorsalis, namijinsa yana da kai ruwan toka da gadon baya ja. Sai a 1998 masanin tsuntsaye ɗan Amurka Robert Payne ya bayyana shi a matsayin nau'i mai zaman kansa. Yana zama a gindin duwatsu masu ciyawa da ƙananan itatuwa, sau da yawa dab da gonakin acca da masara, kuma daga baya an same shi a duwatsun Mandara da ke kan iyakar Najeriya da Kamaru.

Na biyu shi ne Vidua maryae, wanda namijinsa kan zama baƙi mai sheƙi a lokacin hayayyafa, daga ƙarshen damina zuwa bayan kaka. Wannan tsuntsu ba ya yin sheƙa. Macen tana zuwa ta saka ƙwanta a sheƙar na farkon, su kuma su ƙyanƙyashe su ciyar da ɗan tare da nasu, domin alamomin da ke cikin bakin ɗan baƙon sun yi kama da na 'ya'yan masu gida. Idan namijin ya girma, sai ya riƙa kwaikwayon kukan waɗanda suka rene shi. Wannan kwaikwayo ne ma ya taimaka wajen gano mai masauƙin, domin masu bincike sun ji yana maimaita kukan da bai dace da na wata baiwar Allah da aka sani ba.

Abin lura ga mai kallo shi ne akwai 'yan'uwansa da dama masu kama da shi ƙwarai. Wanda aka fi gani a ƙauyukan Hausa, Vidua chalybeata, a sheƙar baiwar Allah ta gida yake saka ƙwai, kuma ƙafafunsa ja ne. Don haka ganin baƙin tsuntsu mai farin baki a kan wayar lantarki bai isa hujja ba; sai an duba launin ƙafa, an kuma naɗi kukansa. Wurin da aka fi samun tsuntsayen Jos ɗin nan biyu cikin sauƙi shi ne dajin Amurum da gonakin da ke kewaye da shi a Laminga, kusa da Jos, inda aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis, wadda aka fi sani da APLORI, a 2001, tana aiki tare da Jami'ar Jos.

Da gaske ungulu ta zama abin nema?

Ta zama. Duk wanda ya girma kafin shekarun 1990 ya san ba a raba mahauta da ungulu, kuma a ranar kasuwa akan gan su jere a kan rufin rumfuna da bishiyar kuka. Yanzu akwai manyan garuruwa a Arewa da yaro zai kammala firamare bai taɓa ganin ko ɗaya ba. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka ungulun gari, Necrosyrtes monachus, tare da wasu manyan ungulaye uku na Afirka, a matakin da ke dab da ƙarewa.

A Najeriya babban dalilin shi ne kasuwar magani da tsibbu, inda ake sayen kai da ƙafa da gashi da ƙwai, sai kuma guba da ake sa wa mushe, da sare manyan itatuwan da take sheƙa a kansu. Abin da ya sa raguwar ta yi tsanani shi ne ungulu ƙwai ɗaya take yi a lokaci guda, saboda haka idan aka kashe manya da yawa ba a mayar da gurbinsu da wuri. Cinikin ya tsallaka iyaka: a 2014 an kashe wata farar ungulu, irin da ake kira ungulun Masar, a Kudancin Nijar, alhali tana ɗauke da na'urar bin sawu da aka ɗaura mata a ƙasar Girka, kuma bin diddigin da aka yi ya nuna kasuwar Najeriya aka nufa da ita.

Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza, kuma jewar da take yi aikin tsafta ne, domin tana cinye mushe kafin ya ruɓe ya tara ƙuda da karnuka. Saboda haka duk wanda ya ga ungulu a yau, ko da guda ɗaya ce a mahautar ƙauye, ya rubuta rana da wuri da adadi. A ra'ayina wannan ya fi rahoton wani baƙon tsuntsu da ya ɓata hanya amfani, ko da yake ba shi ne zai jawo wa mutum yabo ba.

Gauraka da tuje da burtu fa?

Gauraka, mai tukkun nan ruwan zinariya, shi ake ɗauka tsuntsun ƙasa na Najeriya, amma ganinsa a daji a Najeriya ya yi wuya ƙwarai, har ya fi sauƙi a gan shi a gidan wani attajiri an yanke masa fiffike. Kama shi domin ado da bushewar fadamun da yake kiwo a cikinsu ne suka kai shi ga haka. Har yanzu ana samun garkensa a Chadi da Arewacin Kamaru. Tuje farauta ce ta cinye shi, burtu kuma, wanda maharba ke ɗaura kansa a goshi su yi sanɗa su kusanci namun daji, ya ja baya zuwa gandun daji da wuraren da ba jama'a sosai. Ganin ɗaya daga cikin ukun a gona labari ne da ya cancanci a kai wa masana, bisa sharaɗin da za a ambata a ƙasa game da ɓoye wuri.

Waɗanne baƙi ne ke zuwa daga Turai, kuma yaushe?

Suna fara isowa daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba, su yi hunturu a nan, su koma tsakanin Maris da farkon Mayu. Na ruwa sun fi taruwa a fadamar Haɗeja da Nguru, wadda wani sashenta, tafkin Nguru da mashigin Marma, ya zama wuri na farko a Najeriya da aka saka cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a shekarar 2000. A can ana ganin agwagin Turai da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna kiwo a gonakin shinkafa tare da kirinjijiya da dinya na gida, kuma a watan Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa. Yawan baƙin yana bin yawan ambaliya, ita kuwa ambaliyar ta canza tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ga kuma kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye filayen da manoma da tsuntsaye duk suke amfana da su.

A gonakin tudu baƙin ƙanana ne, sai an natsu ake lura da su. Akwai Saxicola rubetra, wanda bai kai gwara girma ba, mai farin layi a saman ido, da ke son tsayawa a kan karan dawa yana dirar wa ƙwari; binciken da aka yi a gonakin Jos ya nuna cewa wanda ya rayu yakan dawo ɗan filin da ya zauna bara, bayan ya je Turai ya dawo. Akwai mai rawayan ciki da doguwar jela da ke bin ƙafafun shanu. Akwai shaho mai ruwan toka, Circus pygargus, da ke shawagi ƙasa-ƙasa a kan saura yana cin fara, da ɗan'uwansa mai hasken jiki, Circus macrourus, wanda ya fi shi wuyar gani. Sai kurciyar Turai, Streptopelia turtur, mai zanen baƙi da fari a gefen wuya da fiffike mai kama da ɓawon kifi, wadda ta ragu matuƙa a Turai har aka saka ta cikin masu fuskantar barazana a 2015.

Abin da ya faru a Sahel yana bayyana a Turai. Bayan farin da aka yi a 1968, masu ƙidaya a Ingila sun tarar a 1969 cewa wani ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke hunturu a yankinmu ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu a shekara guda. Tun daga lokacin masana na can suka fara damuwa da ruwan sama da itatuwan ƙasashenmu.

Shamuwa ba ta cikin wannan rukuni. Ita baƙuwar cikin Afirka ce: tana zuwa da farkon damina ta yi sheƙa a itatuwan gari, idan ruwa ya ɗauke ta tafi gabashi da kudancin nahiyar. Ranar da aka fara ganinta a kowace shekara abu ne mai kyau a riƙa rubutawa.

Irin itatuwan da ke gona yana da tasiri?

Yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Gawo ne kan gaba, saboda yana fitar da ganye da fure da rani, daidai lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe kuma baƙin suke nan, don haka yana tara tsutsa da ƙwarin da suke ci. Aduwa da bagaruwa da sauran itatuwa masu ƙaya su ma suna da albarka. Darbejiya da itacen turare kuwa, duk da inuwarsu da saurin girmansu, ba su tara ƙwari, kuma mai kallo zai iya daɗewa a ƙarƙashinsu bai ga abin kirki ba. Wanda ke da awa guda kacal ya kashe ta a gindin gawo.

A jihohin Maraɗi da Damagaram, sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana yi masa aski maimakon a tumɓuke shi, ya yaɗu tun daga shekarun 1980 har ya mayar da itatuwa a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5. Manoma sun yi haka ne domin taki da itacen girki da abincin dabbobi, amma tsuntsaye sun ci moriyarsa.

Wane lokaci ne ya fi dacewa a fita?

Daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Da tsakar rana ƙananan tsuntsaye suna laɓewa, amma lokacin ne shaho da gaggafa da ungulu ke hawa sama, don haka a riƙa ɗaga kai. Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin baƙi, sai dai ranar da hazo ya yi kauri launuka ba sa fitowa sosai. Da damina kuma ake ganin tsuntsayen gida cikin adon lokacin hayayyafa, kamar zalaidu da doguwar jelarsa.

Sai da kayan aiki masu tsada?

A'a. Madubin hangen nesa yana taimakawa ƙwarai, kuma mai lamba 8x42 ya wadatar, amma littafin rubutu da biro da wayar hannu sun isa a fara. Waya tana ɗaukar hoto, tana naɗar kuka, tana nuna daidai inda mutum yake tsaye. Akwai manhajoji kamar Merlin da ke ba da shawarar sunan tsuntsu, sai dai ba su ƙware a kan tsuntsayen Afirka ta Yamma kamar yadda suka ƙware a kan na Turai da Amurka ba, saboda haka abin da suka faɗa shawara ce, ba hukunci ba. Tufafi masu duhun launi sun fi farar riga, amma a guji duk abin da ya yi kama da kakin soja.

Idan na ga tsuntsun da ban sani ba, yaya zan tabbatar da shi?

Ka fara da kallonsa, kada ka fara da buɗe littafi, domin tsuntsun zai tashi, littafin kuwa yana nan. Ka kwatanta girmansa da wanda ka sani: ya kai kurciya, ko bai wuce gwara ba? Ka duba siffar baki da launinsa, launin ƙafa, tsawon jela, ko akwai layi a ido ko a fiffike, da abin da ke bayyana idan ya tashi. Ka lura da abin da yake yi, ko a ƙasa yake tafiya ko tsalle yake yi, ko shi kaɗai ne ko cikin garke. Ka rubuta duk wannan a wurin, kafin ka ga hoton littafi, saboda ido yana da saurin yarda da abin da zuciya ke so, kuma da zarar mutum ya ga zanen tsuntsun da yake fata sai ya fara tuna alamomin da bai gani ba.

Hoto ko da ya yi dishi-dishi ya fi babu, kuma naɗin kuka na daƙiƙa 20 yakan warware abin da hoto ya kasa. Bayan haka sai a yi tambaya mai muhimmanci: wane tsuntsu na gida ne zai iya yin kama da wannan? Mafi yawan abin da sabon shiga ke ɗauka baƙo ne yakan zama mace, ko ɗan da bai gama yin gashin manya ba, ko namijin da ya sauya ado bayan lokacin hayayyafa. Kurciyoyin gida kala-kala ne, kuma an sha kiran ɗaya daga cikinsu kurciyar Turai. Idan hujja ba ta cika ba, a rubuta cewa ba a tabbatar ba. Masu tantance rahoto sun fi amincewa da wanda ke yin haka a kan wanda kullum yake da tabbas.

Game da suna, a rubuta wanda mutanen wurin suke kiransa da shi tare da na kimiyya idan an samu, domin suna ɗaya na Hausa yakan rufe nau'i uku ko huɗu, kuma yakan bambanta daga Kano zuwa Gobir.

Ina ake kai rahoto, kuma me ake yi da shi?

Tun 2015 ake gudanar da shirin taswirar tsuntsayen Najeriya a ƙarƙashin APLORI, wanda ya dogara da 'yan sa-kai, kuma akwai tawagar Arewa da ƙungiyoyin ɗalibai da ke fita a jihohi daban-daban. An raba ƙasar gida-gida a kan taswira, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da 9 a kwance. Mai kallo yana shafe aƙalla awa 2 a gida ɗaya, cikin kwanakin da ba su wuce 5 ba, yana zagaya gona da rafi da gari, yana shigar da duk nau'in da ya gani ko ya ji a manhajar BirdLasser. Akwai kuma eBird ta Jami'ar Cornell da ke Amurka, wadda ke karɓar rahoto daga ko'ina a duniya. A dukansu, idan ka shigar da tsuntsun da ba a san shi a yankin ba, za a nemi ka kawo hujja, kuma wannan ba raini ba ne.

Sharaɗin da mutane ke mantawa shi ne a rubuta har da hankaka da belbela da hasbiya. Jerin da ya ƙunshi komai shi ne ke nuna abin da babu. Da a ce an riƙa rubuta ungulu a kowace kasuwa lokacin da take ko'ina, da an ga raguwarta tun tana farawa.

Yaya zan shiga gonar mutane ba tare da an zarge ni ba?

Ta ƙofar da kowane baƙo ke bi. Ka fara zuwa wurin mai unguwa ko dagaci, ka gaishe shi, ka ce, "Ranka ya daɗe, tsuntsaye muke ƙidayawa, muna neman izinin zagaya bakin fadama," ka nuna masa littafin hotuna da katin shaidarka, in da hali ya haɗa ka da wani yaro ɗan gari. A halin tsaron da ake ciki, mutumin da ba a sani ba riƙe da madubin hangen nesa da kyamara yana iya jawo wa kansa abin da bai zata ba, kuma mutanen gari suna da gaskiya idan suka tsorata. Kada a ɗaga madubi wajen gidaje, ko mata a rijiya, ko shingen jami'an tsaro. Yankin da aka ce ba lafiya, a bar shi, komai kyan tsuntsun da aka ce yana can.

A cikin gona a bi kunya da hanya, kada a taka shuka, kada a buɗe shinge a bar shi. Sannan a tambayi mai gonar. Dattijon da ya shekara arba'in yana noma wuri ɗaya ya san inda fakara ke kwana, ya san shekarar da gauraka ya daina sauka a fadamarsu, kuma idan ka ce, "Baba, ko ka taɓa ganin wannan?" ka nuna masa hoto, sau da yawa zai gaya maka watan da yake zuwa da itacen da yake so. Makiyaya da masunta da yara masu tsaron shinkafa su ma haka. Idan bayaninsu ya kai ka ga tsuntsu, ka koma ka nuna musu hoton da ka ɗauka.

Manomi zai ce tsuntsaye ɓarna suke yi masa. Me za a ce masa?

Kada a musa masa, domin ɓarnar tsuntsun jan baki gaskiya ce. Garkensa yana iya sauka a gonar shinkafa ko gero ko alkama ya bar mai ita da kara, kuma manoman Kebbi da Jigawa da Yobe da Barno sun san wannan a jikinsu. Wanda ya zo yana yabon tsuntsaye ga mutumin da 'ya'yansa suka wuni suna kaɗa gwangwani a gona ba zai samu mai saurare ba.

Abin da za a iya nuna masa shi ne masu cin hatsi kaɗan ne a cikin ɗaruruwan nau'o'in da ke gonarsa. Shamuwa da belbela da shaho suna cin fara da tsutsa, mujiya kuma, duk da baƙin jinin da camfi ya ja mata, ɓeraye take kamawa a bakin rumbu. Feshin da ake yi wa jan baki da jirgin sama a inda yake kwana ba ya zaɓe, yana kashe wasu tsuntsayen da ke wurin, har da masu cin gawar waɗanda suka mutu. Saboda haka sanin takamaiman inda jan baki ke kwana da inda yake sheƙa, wanda aiki ne da masu kallo za su iya taimakawa da shi, yana rage feshin da ake yi a inda bai kamata ba.

Na samu tsuntsu da zobe a ƙafa ko na'ura a baya. Na leƙen asiri ne?

Ba na leƙen asiri ba ne. Masu bincike ne ke sa zoben, kuma yana ɗauke da lamba da sunan cibiyar ƙasar da aka sa shi, na'urar kuwa tana nuna hanyar da tsuntsun ya bi ne kawai. Idan yana da rai, a ɗauki hoton lambar a sake shi da zobensa. Idan ya mutu, a rubuta duk abin da ke jikin zoben, da rana da wuri da yadda aka same shi, a aika wa APLORI ko Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF. Sau da yawa akan dawo wa mai rahoton da bayanin ƙasar da aka sa zoben da shekarar.

Ya kamata in sanar da jama'a daidai inda na ga tsuntsun?

Ya danganta da tsuntsun. Ƙaramin baƙo da ba wanda zai saya, babu laifi a faɗi wurinsa, in dai mai gonar ya yarda mutane su zo. Amma sheƙar ungulu, ko inda gauraka ko tuje ko burtu ko aku ke sauka, ba abin sawa a Facebook ko zauren WhatsApp ba ne, domin masu kama su ma suna riƙe da waya. A ba masana cikakken wurin a asirce, a bainar jama'a kuma a ambaci jiha ko ƙaramar hukuma kawai. Najeriya tana da dokar hana cinikin namun daji masu fuskantar ƙarewa tun 1985, an kuma ƙara tsananta tararta a 2016, amma doka ba ta tsaron bishiya da dare.

Haka nan kada a matsa kusa da sheƙa domin hoto, kada a sare reshen da ya tare ta, kuma kada a yi ta kunna naɗaɗɗen kuka ana jawo namiji yana barin abin da yake yi.

Idan na tarar da tsuntsaye sun mutu da yawa a wuri ɗaya fa?

Kada ka taɓa su da hannu, kada ka bari yara su kwasa, kada kuma a kai su gida inda kaji suke ko a ci namansu. Yana iya zama guba, yana iya zama murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Najeriya a Fabrairun 2006 a Jihar Kaduna kuma ta sha dawowa tun daga lokacin. Ka ɗauki hoto daga nesa, ka ƙiyasta adadinsu da irinsu, ka lura ko akwai mushen dabba ko alamar feshi a kusa, sannan ka sanar da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ko na jiha, waɗanda ke aika samfur zuwa cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom domin gwaji.